Bijimin da Ke Kiran Naja'atu

Ku gyara zama, wannan labarin ba a nesa ya faru ba, kuma waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu.

A Talata Mafara akwai wani dillalin shanu da ake kira Mamuda. Ƙato ne mai tumbi, muryarsa kuwa ba ta buƙatar lasifika. In aka ce wani ya je Legas, Mamuda zai ce shi ya kwatanta wa direban hanya. In ruwa ya sauka, zai ce tun shekaranjiya ya ji shi a gwiwarsa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Bakinsa ne dai kullum ke yin gaba, hankalinsa ya biyo baya yana haki.

Yana da ɗiya, Naja'atu, 'yar shekara goma sha uku. Gidansu na can bakin gari ta hanyar Garbadu, makarantarsu kuma na wancan ƙarshen garin, saboda haka kullum sai yarinyar ta ratsa Talata Mafara da ƙafa, zuwa da dawowa. Ba abin da take so a duniya kamar keke.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Zainab, ta zagaya makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun da wata manhajar waya da suke kira Ƙawar Lafiya. In wayar na jikin yaro, manhajar tana ƙirga takunsa. Tana kuma kiran sunansa da muryar mace, ta tuna masa ya sha ruwa, ya wanke hannu, ya goge haƙori. Malama ta ce za a yi gasar wata guda tsakanin garuruwan uku, yaron da ya fi kowa taku zai samu sabon keke.

Naja'atu ta ari wayar Gwaggo Shatu, yayar Mamuda da ke zaune tare da su, ta riƙa jefa ta a jakar makaranta. Da aka yi mako uku, ita ce ta biyu. Ta ɗaya kuwa Amira ce, ɗiyar Sahabi, wani mahauci na Bakura da ba ya fashin zuwa kara, kasuwar shanu, ranar Talata.

To, a teburin mai shayin bakin kara aka fara abin. Sahabi ya gaisa da kowa, ya tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ya zaro wayarsa ya kara wa Mamuda a hanci.

"Dillali, ka ga jerin sunaye kuwa? Ga Amira a sama. Wagga ta ƙasanta ɗiyar wa ce? Au, taka ce. Allah sarki, ta yi ƙoƙari."

Mamuda ya dire kofi. "Sahabi, kai nama ka sani. Waya ilimi ce. Ni da kake gani, kafin a kawo wagga manhaja garin nan sai da aka nemi shawarata."

"Wa ya nema?"

"Mutane."

"Waɗanne?"

"Manya. Ka ji ni da kyau. Alhamis ta sama da kalangu zan zo in ɗauki keken nan, kai kuma ka ɗauki ɗiyarka ku koma Bakura da ƙafa, tunda tafiya ta iya."

Aka yi dariya, mai shayi ya ce shi shaida ne. Saura kwana takwas a rufe gasa.

Da ya koma gida ya kira Naja'atu ya ce ta ba shi wayar.

"Baba, tazarar ba yawa," in ji ta. "In na riƙa zagayawa ta bayan asibiti kullum, ina jin zan kamo ta."

"Ke yi shiru. Ƙafarki biyu ce, 'yan ƙanana kuma. Wanga aiki na manya ne."

Gwaggo Shatu tana gefe tana murza ƙuliƙuli. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Mamuda, ka bar yarinya ta yi tafiyarta."

"Yaya Shatu, ke ƙuliƙuli kika sani. Ni na gano sirrin abin. Ba ƙafa yake gani ba, girgiza yake ji."

"Ai kuwa da ka ɗaura ta a bakinka, da tuni an ba ku keken."

Ranar Laraba Mamuda ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya riƙe waya, ya shiga lilo da hannu gaba da baya kamar mai fifita. Masu wucewa suka ɗauka gaishe su yake, kowa ya ɗaga masa hannu. Kafin azahar kafaɗarsa ta riƙe. Sai wayar ta yi magana da muryar nan mai sanyi: "Naja'atu, yau tafiyarki a hankali take. Ko ba ki da lafiya?"

"Lafiyarta lau!" Mamuda ya daka wa wayar tsawa.

Ran nan hannunsa bai iya kai loma baki ba. Gwaggo Shatu ta miƙo masa cokali ta ce ya ci tuwo irin na 'yan boko.

Ranar Alhamis ya nufi wurin mai injin markaɗe. Ya ƙunshe wayar a leda, ya ɗaure ta a jikin injin, ya ce wa matan da ke layi su ja baya, bincike yake yi. Aka tayar da inji, wayar ta kama rawa. Mamuda ya harɗe hannu yana murmushi. Da aka kashe injin, sai aka ji wayar tana cewa, "An gano kina cikin mota. Ba za a ƙirga wannan ba." Tana rufe baki igiyar ta kwance, wayar ta faɗa tsundum cikin bokitin markaɗen attaruhu. Mamuda ya zura hannu har gwiwa ya tsamo ta. Zufa ta gangaro masa, ya sa hannun nan ya share ido.

Abin da ya biyo baya, matan unguwar har yanzu suna kwaikwayonsa.

"Sannu mai bincike!" in ji mai bokitin. "Wa zai sha miyar da ka wanke hannu a ciki?"

Ranar Juma'a da asuba ya lallaɓa ya rataya wayar a wuyan akuyar Gwaggo Shatu. Ya lissafa cewa akuya ba ta zama wuri guda. Abin da bai lissafa ba shi ne akuyar tana da tsohon ciki. Ta samu inuwar rumbu ta kwanta, ta yi ta tuƙa tana kallonsa. Ya yi mata tafi, ba ta motsa ba. Ya nuna mata dusa daga nesa, ta juya kai. Ranar Asabar haƙurinsa ya ƙare, ya ɗauki kara ya ce yau sai ta zagaya gidan nan sau ɗari. Zagaye ɗaya suka yi, Gwaggo Shatu ta fito da muciya, aka yi zagaye na biyu da na uku, amma wannan karon Mamuda ne a gaba.

Da yamma Naja'atu ta dawo daga wurin ƙawarta idonta ja.

"Baba, don Allah ka ba ni wayar. An ce na koma ta tara."

"Dabara ce," in ji shi. "Barin su nake su saki jiki."

Amma maganar ta taɓa shi. Ya zauna yana sosa ƙeya, can sai ya buga cinya. Shi da ya tsufa cikin shanu, yaya aka yi ya tsaya wasa da akuya? Akwai Dikko, wani Bafulatani da ke wajen Maradun, wanda ke koro shanu da ƙafa zuwa kara. Lahadi yake tasowa, ya bi daji yana kiwo, ya iso Talata da safe. Ƙafa huɗu, kwana biyu, ba zama!

Ya tafi wurin baduku ya sa aka ɗinke wayar da fawa-bankin da zai riƙa ba ta caji cikin jar fata, aka yi mata maratayi.

"Wagga laya ce ko akwatin rediyo?" in ji baduku.

"Ɗinka dai. Ba kowane ilimi ake gaya wa baduku ba."

Lahadi da sassafe ya hau babur sai Maradun. Ya iske Dikko yana shirin tashi. Suka gaisa, suka tambayi shanu da ruwa da ciyawa da yara, suka koma suka sake daga farko. Mamuda ya zuba ido ya zaɓi wani farin bijimi mai dogon ƙaho da ke gaban garke.

"Wanga ba na saidawa ba ne," in ji Dikko. "Shi ke ja mani garke. Rakiya kawai yake yi."

"Shi ya sa na zo. Bijimi irin wanga, bakin mutane ba ya barin shi. Ga laya, gadon kakana ce. Kak ka buɗe, kak ka cire. Talata in karɓi abuna."

Dikko ya yi godiya har da riƙe hannu biyu. Aka rataya wa bijimi laya, Mamuda ya koma gida yana waƙa a kan babur.

Ranar Talata ya isa teburin mai shayi da sabuwar hula. Wani da ɗansa ke cikin gasar ya duba waya ya yi salati: Naja'atu ta taso daga ta tara ta haye sama, ta bar Amira can baya. Mamuda ya sa aka ƙaro shayi. Ya ba da labarin yadda kakansa ya taɓa zuwa Sakkwato da ƙafa ya dawo kafin a sauke tuwo. Ya yi bayanin yadda ake horar da yaro. Bai tuna da bijimi ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Ya shiga kara ya iske Dikko tsugune, idonsa ya faɗa kamar wanda ya yi jinya. Ga shanu, babu farin bijimi.

"Ardo, ina mutumina?"

Dikko ya miƙe ya kama masa riga. "Dillali, mi na yi maka? Mi ka sa wa bijimina?"

"Laya mana."

"Muna tsakiyar daji, ba kowa, ba gida ba gona, sai na ji mace ta ce, 'Naja'atu, lokacin shan ruwa ya yi.' Na waiga gabas, na waiga yamma. Wallahi sai bijimin nan ya juya ya nufi rafi ya sha!"

"Ƙishirwa ce, Ardo."

"Da marece ta ce, 'Naja'atu, kin goge haƙori?' Ya dube ni ya buɗe baki! Shekara shida ina tare da shi, ban san sunanai Naja'atu ba. Ni ba ni kiwon abin da aljana ke hira da shi. Ina shigowa kara na sallama shi ga wanda ya fara tayawa."

Mamuda ya zaro ido. "Wa?"

Dikko ya nuna da sanda. Can gindin bishiyar bedi, ga Sahabi riƙe da igiya, yana shafa wuyan farin bijimi.

To, a karar nan akwai wata tsohuwar ƙa'ida. In aka tafa hannu aka ce an sallama, duk abin da ke wuyan dabba ya bi ta, igiya ce, ƙararrawa ce, laya ce. Cire wani abu bayan ciniki, a wurinsu, cire albarkar dabbar ne. Kuma duk kara ba wanda ya kai Mamuda tsananta wannan ƙa'ida. Ya sha tara wa mutum jama'a a kan guntuwar igiya.

Ya ƙarasa yana murmushin dole. "Sahabi, Allah ya sa albarka. Sai dai layar nan tawa ce, aro na ba da."

"An tafa hannu, dillali."

"Gadon kakana ce."

"Ai shi ya sa na ƙara son ta."

Dattawan kara suka matso. Wani tsoho ya ce, "Mamuda, ba kai ne bara ka hana Shehu kwance ƙararrawa ba? Ka ce ko ubanka ya dawo duniya ba za a karya ƙa'ida ba?"

"Waccan ƙararrawa ce. Wagga kuwa..."

"Wagga mi ce? Faɗa muna abin da ke ciki, mu duba."

Mamuda ya buɗe baki. Kafin ya samo ƙaryar da za ta dace, sai wuyan bijimi ya ce, a fili, da murya mai daɗi, "Naja'atu, kin wanke hannu kafin ki ci abinci?"

Tsohon nan ya ja da baya taku uku.

"Ni ne!" Mamuda ya yi maza ya ce. "Ni na yi magana."

"Da wagga murya?"

Mamuda ya matse maƙogwaro ya siranta murya. "Naja'atu, kin wanke hannu? Kun ji. Haka nake tuna wa ɗiyata."

"Tana ina?"

"Tana makaranta. Sabo ne. In lokaci ya yi sai in ji ya fito da kansa."

Aka dubi juna. Wani ya ce a nema masa rubutu ya sha. Sahabi kuwa ya dubi layar, ya dubi Mamuda, ya yi wani murmushi a hankali, irin na mutumin da ke jin wannan muryar kullum a tsakar gidansa. Ya ja bijiminsa aka loda a mota sai Bakura.

Ƙa'idar gasa ita ce ranar Alhamis kowane yaro ya zo da wayarsa a hannu. Saboda haka ranar Laraba da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa, Mamuda ya ɓoye babur a bayan wata makera a Bakura, ya zagaya bayan gidan Sahabi da dusa a aljihu da 'yar wuƙa. Ya kama katangar garke, ya yi nishi, ya yi addu'a, ya mirgina ciki.

Bijimin na tsaye yana kallonsa.

"Haba ɗan albarka," in ji Mamuda yana miƙa dusa. "Ni da kai ai ba baƙi ba ne. Kawo wuyan."

Bijimi ya sunkuyar da kai, amma ba don ladabi ba. Ya tona ƙasa da kofato sau biyu. Mamuda ya watsar da dusa ya kwasa. Garken ba shi da faɗi, saboda haka zagaye suka shiga yi, Mamuda a gaba, ƙaho a baya, hula ta yi nata wuri, takalmi ya yi nasa.

"Madalla, Naja'atu!" in ji wuyan bijimi. "Gudu kike yi! Kin samu tauraro!"

"Wayyo Allah!"

"Ci gaba, kada ki tsaya! Saura kaɗan ki samu na biyu!"

Yadda mai tumbin nan ya haye katanga, shi kansa bai sani ba. Rabin rigarsa ya rage a ƙaho, sauran jikinsa ya sauka a kan tarin takin da ake tarawa don gona. Da ya ɗago kai, ga Sahabi zaune a tabarma gindin bishiya da maƙwabta uku, suna shan fura.

"A'a, dillali! Maraba, maraba. An zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Mafara? Ya Yaya Shatu? Ya gajiya?"

"Lafiya lau," in ji Mamuda daga cikin taki. "Ba gajiya."

"Madalla. Yanzu ta sama kuka koma shigowa?"

"Lafiyar bijimin na zo dubawa. Hakkin dillali ne."

"Ka same shi lafiya?"

"Ƙalau."

"Awo, mun ji kuna motsa jiki tare. Zo ka sha fura."

Mamuda bai sha fura ba.

Ranar Alhamis ya so ya kwanta ciwo, amma tun makon jiya ya riga ya kira makaɗan kalangu, kuma tun da safe suka tsaya ƙofar gidansa suna kiɗa suna kiran sunansa. Ya lallashi kansa: lissafi na can cikin na'urarsu, waya kuwa sai a ce tana wurin gyara. Ya zuba babbar riga. Naja'atu ta ce ita ba za ta ba. Gwaggo Shatu ta ɗauro gyale ta ce, "Tashi mu tafi, ɗiyata. Wanga kallo ba ya wuce ni."

Filin makaranta ya cika da yara da iyaye daga garuruwan uku. Ga keke a tsakiya, kore, sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Naja'atu ta kalle shi sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Mamuda ya shigo da kalangu a bayansa, yana ɗaga wa mutane hannu, ya zauna a kujerar da ba shi aka ajiye wa ba.

Malama Zainab ta yi bayani a kan ruwa da sabulu da barci da wuri, sannan ta ɗauko takarda.

"Wadda ta fi kowa taku ita ce Naja'atu Mamuda."

Kalangu ya ɗauka. Mamuda ya miƙe yana gyara riga.

"Sai dai ina da 'yan tambayoyi, Malam Mamuda. Manhajar tana nuna inda aka bi. Ta nuna ranar Lahadi Naja'atu a dajin Maradun ta kwana."

"Yarinya ce mai son iska. Gado ne."

"Ta tsallaka rafi sau uku. Ranar Litinin ta yi awa huɗu tana zagaye cikin gonar da aka girbe."

"Kala take yi. Ba mu son almubazzaranci."

"Amma malamin ajinsu ya ce ranar Litinin tana aji."

"Da hutun tara ta je ta dawo."

Dariya ta fara tashi daga bayan fili. Malama ba ta yi ba. "Jiya kuma da tsakar rana ta yi gudun da ko ɗan tsere ba ya yi, cikin wani ɗan fili a Bakura, zagaye goma sha ɗaya."

"Sha biyu," in ji ɗaya daga cikin maƙwabtan Sahabi. "Mun ƙirga."

"Ina wayar take?" in ji Malama.

"Tana wurin gyara."

"Ba komai. Akwai inda nake latsawa, wayar da ta ɓace ta yi kira."

Ta latsa. Daga can bakin ƙofa aka ji murya mai sanyi tana cewa, "Ga ni nan, Naja'atu! Ga ni nan!" Jama'a suka dare biyu. Sai ga Sahabi yana tafe a hankali, yana jan farin bijimi wanda aka wanke tas, da jar laya a wuya da guntun rigar Mamuda har yanzu a ƙaho.

"Malama," in ji Sahabi, "ga mai keke na kawo. Sai dai ban san yadda za ya hau ba."

Filin ya kife. Yara na birgima, mata na riƙe ciki, wani tsoho na Maradun sai da aka ba shi ruwa. Makaɗan kalangu, waɗanda ba su taɓa tsayawa bayan wanda ya faɗi ba, suka juya suka kewaye bijimi suna yi masa kirari: mai ƙafa huɗu, gagara Amira, wanda ya sha ruwa a kan lokaci.

Mamuda ya ɗaga hannu. "Jama'a, gwaji ne! Gwada na'urar nake in ga ko tana gane mutum da dabba!"

"To ta gane," in ji Gwaggo Shatu. "Mu ma mun gane."

Da hayaniya ta lafa, Malama Zainab ta kira Naja'atu ta dafa kafaɗarta. "Yaushe rabonki da wayar?"

"Tun Talata waccan, Malama."

"To, zan soke kwana takwas ɗin nan, ba naki ba ne. Keke na Amira ne." Ta juya wajen Mamuda, ta rage murya, amma lasifika na hannunta, kowa ya ji. "Malam Mamuda, Amira ta yi kwana biyar kwance da zazzaɓi a makon nan, da ƙyar ta riƙe matsayinta. Da ka bar wa yarinyar nan wayarta, zuwa makaranta da dawowa kaɗai ya ishe ta ta wuce."

Sahabi ya gyaɗa kai. Wannan karon bai yi dariya ba.

Amira ta zo ta kama keke ta tura shi, ledar na ƙara. Naja'atu ta bi shi da ido har ya fita fili. Ba ta yi kuka ba, ta dai sa bakin hijabi ta goge hanci. Mamuda ya dube ta. Sai ya mayar da idonsa ƙasa.

Sahabi ya miƙa wa Naja'atu wuƙa. "Zo ki yanke abinki, ɗiyata. Ƙa'ida ta hana ubanki, amma ke sunanki yake kira."

Malama ta sanar cewa zango mai zuwa za a sake gasa, da wani keken. Gwaggo Shatu ta taka har gaban ƙanenta ta buɗe tafin hannu.

"Makullin babur."

"Yaya Shatu, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi. Daga gobe kai ke raka ta makaranta da ƙafa, kai ke zuwa ɗauko ta. Kai ka riƙe jaka, ita ta riƙe waya. Ranar da ta hau keke, ka hau babur."

Mamuda ya dubi jama'a ko wani zai sa baki. Kowa ya ga ya dace. Ya zaro makulli ya ajiye mata.

Haka aka yi. Wata uku cur, kowace safiya, ana ganin ƙaton mutum da jakar makaranta mai hoton fure a kafaɗa, yana bin yarinya a baya yana haki. Makon farko yara na yi masa kukan shanu. Mako na uku suka gaji. Tun yana tsayawa hutu sau huɗu har ya koma ba ya tsayawa, har ya zama shi ke cewa su zagaya ta bayan asibiti. Ɗinkin wandonsa ma sai da aka rage.

Da zango ya ƙare, Naja'atu ta ci keke da ƙafarta, ja, mai ƙararrawa.

Talatar da ta biyo Mamuda ya zauna teburin mai shayi ya gyara murya. "Wata uku," in ji shi, "ko rana guda ban yi fashi ba. Da ruwa da rana, da ƙafata."

"Rage dai, Mamuda," in ji mai shayi.

"Wallahi ko guda!"

"To, mun ji. Kakanka ma ai kafin a sauke tuwo ya dawo."

Aka fashe da dariya. Tun da uwarsa ta haife shi, ranar ce ya fara cika baki a kan gaskiya tsantsa, kuma duk teburin ba wanda ya yarda. Ya ja numfashi zai yi rantsuwa ta biyu, sai ga ƙarar ƙararrawa a kan titi. Naja'atu ce ta wuce a guje, hijabi na tashi a bayanta.

"Baba, sai na dawo!"

Mamuda ya ɗaga mata hannu. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya bar su da dariyarsu.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ban ƙara ko taku guda ba.